Ku Tambaya Mu Amsa: Kwamfuta, Bindiga da Fasahar Gobe

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne, ina so in sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu. Wani mai shago ya nuna mini Core i7, ya ce ta fi kowace Core i5. Gaskiya ne? Kuma me zan duba kafin in biya kuɗi? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mai shagon bai faɗa maka duka gaskiyar ba. Sunan i5 ko i7 shi kaɗai ba ya nuna komai, sai an haɗa da tsarar da aka ƙera furosesan, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Dubi lambar da ke bin sunan. Idan ka ga i7-6600U, wannan 6 ɗin na farko tsara ta shida ke nan. Idan ka ga i5-8250U, tsara ta takwas ce. Na farkon injina biyu ne a cikinsa, na biyun kuwa huɗu, don haka i5 ɗin ya fi i7 ɗin aiki, ko da an tsuga wa i7 ɗin kuɗi. Daga tsara ta goma lambobi biyu na farko ake karantawa: i5-1135G7 tsara ta 11 ce.

Akwai kuma dalili na biyu da zai sa ka tsaya a tsara ta takwas zuwa sama. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 ba ta yarda da furosesan Intel na ƙasa da tsara ta takwas a hukumance, haka na AMD da bai kai Ryzen 2000 ba. Masu gyara suna da dabarar cusa ta a tsohuwar kwamfuta, kuma takan yi aiki, amma babu tabbacin sabuntawar tsaro za ta ci gaba da zuwa. A cikin waɗanda suka cika kasuwa, HP EliteBook 840 G5 da Lenovo ThinkPad T480 da Dell Latitude 7490 yawanci 'yan tsara ta takwas ne, ko da yake akwai wasunsu masu furosesan tsara ta bakwai. 840 G3 kuwa ta shida ce, G4 ta bakwai, duk da cewa a ido sun yi kama da juna.

Yanzu abin da za ka yi a shagon, kuma kada ka ji kunyar zama ka ɓata minti ashirin. Kada ka yarda da sitikar da aka manna a jiki, domin sitika ana sayar da ita daban. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, a nan za ka ga ainihin furosesa da yawan RAM, wato inda kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, da irin ma'ajiyar da ke ciki. Sai batir: buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai fitar maka da rahoto mai lambobi biyu, Design Capacity wato abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da Full Charge Capacity wato abin da yake ɗauka yau. Idan na biyun bai kai kashi 60 cikin ɗari na na farkon ba, ka sa kuɗin sabon batir a cikin cinikin. Ka kifa kwamfutar a kan tebur ka duba ko gindinta ya kumbura, ko wurin da ake jan yatsa ya taso sama. Wannan alamar kumburarren batir ce, kuma irinsa yana iya kamawa da wuta.

Bayan nan ka kashe ta ka kunna, ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga tana cikin tashi, a HP da danna F10, a Dell da F2, a ThinkPad da F1. Idan ta nemi kalmar sirri, mayar masa da abarsa. Da yawa daga cikin kwamfutocin nan daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito, wasu a kulle, kuma cire kullen BIOS a na zamani aiki ne na taɓa bod, wato babban allon da ke cikin kwamfutar. Daga ƙarshe buɗe shafi fari fat, sannan baƙi ƙirin, ka nemi ɗigo ko tabo a sikirin. Danna kowane madanni. Soka filashi a kowace kafa. Ɗaga murfin ka sauke da hannu ɗaya ka ji ko maƙalarsa tana ƙara. Karyayyar maƙala ita ce ke tsinka wayar sikirin daga baya.

Kwamfutata tana ɗaukar kusan minti biyar kafin ta gama tashi. Wasu sun ce in ƙara RAM, wasu sun ce in sa SSD. Kuɗin ɗaya kawai nake da shi. Daga wata malamar makaranta a Katsina.

Malama, sa SSD, wato ma'ajiyar zamani marar faifai. Jinkirin tashi kusan kullum daga ma'ajiya yake. Tsohuwar ma'ajiya mai faifai tana juyawa ne sau 5,400 a minti, da wata allura da ke yawo tana neman bayani, kuma da ƙyar take wuce megabait 100 a sakan. SSD irin ta SATA ba ta da abin da ke motsi a ciki, tana kai wa 550, irin ta NVMe kuwa tana haura 3,000. Amma abin da za ki fi ji a jikinki shi ne saurin nemo ƙananan fayiloli, wanda shi ne aikin da Windows ke yi yayin tashi. Kwamfutar da ke cin minti biyar takan dawo ƙasa da rabin minti.

Ga yadda za ki tabbatar kafin ki kashe kuɗi. Buɗe wancan shafi na Performance kina cikin aikinki na kullum. Idan Disk ya manne a 100 bisa ɗari, ma'ajiya ce. Idan Memory ce ta haura 85, to RAM ta yi kaɗan. Mai gigabait 4 zai ga duka biyun, amma ko a haka SSD ce gaba, RAM ta biyo baya a kai ta 8.

Inda ake yin asara shi ne wajen sayen abin da bai dace da ramin ba. Akwai SSD mai faɗin inci 2.5 da ke shiga gurbin tsohuwar ma'ajiya kai tsaye, akwai kuma siririya da ake kira M.2, mai faɗin milimita 22 da tsawon 80. Ita siririyar kashi biyu ce, SATA da NVMe, kuma wani ramin ɗaya kawai yake karɓa; za ta shiga daram amma kwamfutar ta ƙi ganinta. Haka RAM: DDR3 ba ta shiga ramin DDR4, tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba. Har a cikin DDR3 ɗin akwai mai bolt 1.5 da DDR3L mai bolt 1.35, kuma kwamfutoci da yawa na tsara ta huɗu da ta biyar ta biyun kawai suke so. Ki kai kwamfutar shagon a gwada a gabanki. Kuma ki guji SSD marar suna da aka rubuta wa terabait 2 a farashin ta gigabait 256. Akwai na jabu da ke nuna girman ƙarya, sai bayanai sun wuce ainihin cikinta su fara ɓacewa.

Tun da zafi ya shigo kwamfutata take huci kamar injin niƙa, wani lokaci ta mutu da kanta. Caja kuma na canza sau biyu. Daga wani mai buga takardu a Maraɗi.

Malam, kwamfutarka kare kanta take yi. Furosesa idan ya doshi digiri 95 zuwa 100 yakan rage gudu da kansa, idan abin ya ci tura ya kashe wuta gaba ɗaya. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da iskar ɗaki kanta ta haura digiri 40, tazarar da ta rage masa kaɗan ce, ga kuma ƙurar hunturun da ya wuce tana nan a ciki. Idan aka buɗe irin wannan kwamfuta, abin da ake tararwa tsakanin fanka da siraran ƙarafan da iska ke bi ta fita shi ne wani dunƙulen ƙura da zare, toka-toka, mai kama da audugar katifa, wanda ake ɗagowa ɗungurungum da ɗan hantsaki. Fankar tana ta juyawa amma iskar ba ta da hanyar fita.

Busa iska daga waje ba ya fitar da wannan dunƙule, tura shi ciki yake yi. Sai an kwance gindin, a fara cire wayar batir daga bod, a cire fankar a share. Idan za a busa da injin iska, a danne fuka-fukan fankar da yatsa, domin juyin da ya wuce kima yana lalata ta. Sannan a ɗaga ƙarfen jan zafi, a goge tsohon man da ke tsakaninsa da furosesa wanda ya bushe ya zama kamar alli da auduga da sifirit mai ƙarfi, a ɗiga sabo kwatankwacin ƙwayar shinkafa ɗaya ko biyu. Masu lafta shi kamar man shanu a burodi ɓata aiki suke yi. A mayar da sukurorin bi da bi yadda aka sa musu lamba, 1, 2, 3, 4, don ƙarfen ya zauna daidai. A ƙasarmu shara sau ɗaya a shekara, bayan hunturu, ba ta yi yawa ba. Man kuma duk shekara biyu. Kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma.

Batun caja kuwa, karanta rubutun da ke gindin kwamfutar. Yawancin HP da Dell bolt 19.5 suke ci, Lenovo 20. Bolt dole ya zo daidai. Wat na caja zai iya fin abin da ake bukata, amma kada ya gaza. Mai neman wat 65 idan aka ba ta cajar 45, cajar za ta yi ta zafi, tana iya lalacewa. Cajar HP da ta Dell masu zagayayyen baki suna da wani siririn tsinke a tsakiya wanda da shi kwamfutar ke gane cajar. Idan ya karye, ko cajar jabu ce, Dell takan ƙi cajin batir ta kuma rage gudun furosesa. Caja ta asali ta hannu ta fi sabuwar jabu, kuma nauyi ma yakan tona asiri: ta jabu sakayau take a hannu. In da ƙaramin janareta kake aiki, bar shi ya daidaita kafin ka jona, ka kuma zare kafin a kashe shi, domin a waɗannan lokuta biyu wutar ke tsalle.

A ƙauyenmu bindigar toka ta fashe a hannun wani maharbi, ya rasa yatsu. Me ke jawo haka, alhali ya shekara da shekaru yana harbi da ita? Daga wani manomi a yankin Birnin Kudu.

Allah ya ba shi lafiya. Shekarun da ya yi da ita suna cikin dalilan. Yawancin adaka ƙirar gida bututunta ba ƙarfen bindiga ba ne, bututun ruwa ne ko wani ƙarfen mota, kuma bututun ruwa yana da ɗinkin walda a tsawonsa. Ba a taɓa gwada shi da awo ba kamar yadda masana'antu ke yi kafin su sayar. Ga shi kuma tokar da albarushi ke bari tana jan laima, tana cin ƙarfen daga ciki, musamman can gindi inda ido ba ya kai wa. Bindigar tana nan sumul a waje an shafe ta da mai, a ciki kuwa ta zama rariya. Ranar da za ta fashe ba ta sallama.

Sauran dalilan daga hannun mai ita suke. Na farko, kuma mafi muni, zuba garin da aka kwance daga harsashin zamani a cikin adaka. Wannan gari ba albarushin gargajiya ba ne, ƙarfin matsinsa ya ninka nasa nesa ba kusa ba, kuma ko bindigar ɗuri ta masana'anta an hana sa mata shi. Na biyu, ɗuri a kan ɗuri: mutum ya manta ya ɗura tun jiya, ya ƙara wani. Maganin wannan shi ne a yi wa sandar ɗuri alama a daidai inda take tsayawa idan bindigar ba komai a cikinta. In alamar ta tsaya sama, akwai abu a ciki. Na uku, toshewar baki da laka ko gidan zanzaro, abin da ke faruwa da bindigar da aka jingine a kusurwar ɗaki duk damina. Na huɗu, barin sarari tsakanin albarushi da abin da aka ɗora a kansa.

Akwai kuma haɗarin da ba fashewa ba ne. Wani lokaci a danna kunama ta ƙi tashi, mai ita ya juyo da bakin yana leƙawa, sai ta tashi a makare. In ta ƙi, a bar bakin yana kallon inda ba kowa, a jira aƙalla minti ɗaya. Kuma ba a zuba albarushi kai tsaye daga ƙaho ko gora bayan an yi harbi, domin ragowar garwashi a ciki zai iya kunna shi har ya kai ga abin da ke hannu.

Ta fuskar doka, a Najeriya dokar makamai ta 1959 ce ke aiki har yau. Bindigogin yaƙi sai da lasisin shugaban ƙasa, na farauta masu harsashi sai da na Sufeto Janar na 'yan sanda, al'amarin bindigar ɗuri kuwa yana hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Ƙera bindiga ba tare da izini ba laifi ne, ko da maƙerin gado ya yi.

Idan aka harba bindiga sama a wajen biki, ina harsashin yake zuwa? Abokina ya ce narkewa yake yi a sama. Daga wani matashi a Gusau.

Ba ya narkewa, dawowa yake yi. Harsashin AK-47 yana fita da gudun sama da mita 700 a sakan. Wani jami'in sojan Amurka mai suna Julian Hatcher ya yi gwaji da harsashin bindigar soja, ya gano cewa wanda aka harba sama tsaye yana haura kilomita biyu da rabi, sannan ya faɗo da gudun kusan mita 90 a sakan. Wannan ya fi abin da ake bukata a huda fatar mutum, kuma tunda daga sama yake zuwa, kai da kafaɗa yake samu. Wanda aka harba a karkace ya fi haɗari, domin bai tsaya cak a sama ba balle gudunsa ya ƙare, yana nan yana juyi da tsininsa a gaba, kuma zai sauka a wata unguwa mai nisan kilomita biyu ko fiye, inda ba a ma ji ƙarar ba. Kwanon rufi ba ya tare shi. 'Yan bindigar hawan sallah albarushi zalla suke ɗurawa don ƙara da hayaƙi, amma ko shi yana ƙona fuska ya kuma kashe dodon kunne idan an matsa kusa.

Ina da ƙaramin shagon kwamfuta, zan sa sola. In sayi batir mai ruwa, ko litiyam, ko in jira sabon batirin gishiri da ake cewa yana tafe? Daga wata 'yar kasuwa a Gombe.

Hajiya, fara da lissafi kafin zaɓen batir. Lissafin wat sau awa ne. A ce kwamfuta biyu, kowace wat 45, awa tara: 810. Fanka mai wat 60, awa takwas: 480. Na'urar intanet wat 10, awa tara: 90. Ƙwan fitila biyu masu wat 10, awa huɗu: 80. Jimla 1,460 a yini. Ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda abin da inbata da wayoyi ke ci, ya zama wajen 1,750. Farantin sola mai wat 400 a Arewa, da awa biyar na rana mai ƙarfi, bayan an cire asarar zafi da ƙura, yana ba da kusan 1,500. Ke nan biyu za ki sa, su fuskanci kudu da ɗan karkata, a riƙa goge su da sassafe a lokacin hunturu.

Batir mai ruwa na bolt 12 da amfa 200 yana ɗauke da 2,400 a rubuce, amma rabi ne naki. Duk wanda ke zuƙe shi ƙasa da rabi kullum, ba zai shekara biyu da shi ba. Yana son a riƙa ƙara masa tataccen ruwa, ba na rijiya ko na leda ba, kuma zafi yana rage masa kwana ƙwarai. Litiyam irin LiFePO4 mai bolt 12.8 da amfa 100 yana ɗauke da 1,280, ana iya cin kashi 80 zuwa 90 nasa, yana jure caji dubbai, nauyinsa kuma bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wancan ba. Ya fi tsada ranar saye, ya fi araha idan aka raba da shekaru. A ra'ayinmu shi za ki saya, muddin inbatarki tana da saitin cajin litiyam. Ki dai tambayi ko sababbin ƙwayoyi ne a ciki, don akwai waɗanda ake harhaɗawa da tsofaffi.

Batirin gishirin gaskiya ne, na sodiyam ake nufi, kuma kamfanin CATL na China ya gabatar da nasa tun 2021. Amfaninsa shi ne sodiyam yana ko'ina, kuma yana jure tsananin sanyi, wanda ba shi ne damuwarmu ba. Kada ki rufe shago kina jiransa. Abu ɗaya da zai iya rusa duk wannan lissafi shi ne firinta mai aiki da garin tawada, domin tana da wani abin dumama takarda da ke fizgar ɗaruruwan wat a lokaci guda. In da ita za ki yi aiki, inbatar kada ta gaza wat 1,500, kuma ta zama mai tsabtatacciyar wuta, ba mai arahar nan da ke sa fanka gurnani ba.

Wai akwai bindigar da ba ta tashi sai da yatsan mai ita? Daga wani mai karatu a Kumasi.

Akwai, amma ba ta samu karɓuwa ba. Wani kamfanin Jamus, Armatix, ya fitar da ƙaramar bindiga iP1 wadda ba ta tashi sai mai ita yana sanye da agogon da aka haɗa su tare. A 2017 wani mai binciken tsaro a Amurka ya nuna cewa ana iya buɗe kullenta da maganaɗisu mai araha. Daga baya kamfanin Biofire ya zo da mai karanta zanen yatsa da fuska. Matsalar ita ce wadda duk mai wayar hannu ya sani: yatsa mai gumi ko ƙura ba ya karantuwa, batir kuma yana ƙarewa. Shi ya sa sojoji da 'yan sanda ba su rungume ta ba. Inda take da amfani shi ne gida mai yara, kuma ko a nan akwatin ƙarfe mai makulli, da ajiye harsashi a wani wuri daban, yana yin aikin a kuɗi kaɗan.